Ranar da Baffa Ya Sauya wa Ingarma Shokazoba

Duk wanda ya san Baffa ya san ba ya hawa babur ɗinsa sai ya gaishe shi. Zai fito da safe ya shafa tankin da gefen rawaninsa, ya ce, “Ingarma, an tashi lafiya?” Sai ya ɗan jira kamar za a amsa, kana ya buga. Babur yana da suna a bakinsa, ni ɗiyarsa ta fari ba ni da shi. Kun san kunyar ɗan fari irin ta mutanenmu, to Baffa ya ɗauke ta har ta fi ta kowa. Har ya koma ga Allah ban taɓa jin “Hadiza” daga bakinsa ba, sai dai “waccan”, ko in ya ji daɗi ƙwarai, “mutanen Kalgo”, saboda can aka kai ni aure.

Ingarma irin manyan baburan nan ne na doguwar tafiya, ya saye shi na hannu tun ina goyon ƙannena. Babu kasuwar shanun da bai kai shi ba. Kuma komai ya lalace a jikinsa, maganar Baffa ɗaya ce: “Da saura.” Taya ta suɗe kamar tafin hannu, da saura. Fitila ta mutu, ya ɗaura tocila da tsumma, da saura. In ya zo gangare sai ya kashe inji, wai Ingarma ma ɗan halak ne, yana son hutu.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne shokazoba, ƙarfen nan mai naɗaɗɗen sifirin da ke ƙarƙashin kujerar baya, wanda ke shanye gargada. Biyu ne, dama da hagu, kuma duka sun mutu. Mai ya tsiyaye, sifirin ya saki, Baffa ya naɗe su da tsohuwar roba ya ce an gyara. Wayyo bayan mutane! Wata rana ya ɗauki Inna daga rugarmu ta wajen Malisa zuwa Gwandu, tana rungume da gorar kindirmo za ta kai wa ƙanwarta. Da suka sauka ta buɗe gora, sai ga man shanu ya taso, dunƙule guda.

“Malam, dubi abin da baburinka ya yi mani!”

Ya leƙa, ya gyaɗa kai. “To mi? Ya kaɗa maki nono kyauta. Ki yi mashi godiya.”

Inna ta kwana uku tana salla a zaune.

Sani bakanike na bakin tasha a Gwandu ya yi ta fama da shi shekara da shekaru. Shi ya ba mu labarin nan ranar zaman makoki, muna kuka muna dariya. Wai ya taɓa danna kujerar da hannu, ta nutse ba ta dawo ba, ya ce, “Baffa, wagga shokazoba ai ta daɗe da mutuwa.”

Baffa ya ce, “Kai ka yi mata wanka?”

“A'a.”

“An yi mata salla ban ji ba?”

“Haba Baffa!”

“To da saura. Sa mani iska a taya in wuce.”

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da na samu cikin fari. Da cikin ya tsufa, lokaci ya yi da za a maida ni gida goyon ciki. Ga damina ta sauka, mota tana iya kawo ni Gwandu, amma daga nan zuwa rugarmu sai babur. Ga shi malamar asibitin Kalgo ta gargaɗe ni da babbar murya, don na ɗan ga jini: ban da daka, ban da ɗaukar ruwa, ban da jijjiga. Ta ce in na yi wasa zan rasa shi. Kuma kun san ba mai taɓa Ingarma sai mai shi.

Inna ba ta iya faɗa masa kai tsaye, ita ma kunyar ta hana ta. Tana tankaɗe ta ce da turmi, “Akwai wadda za a ɗauko Kalgo jibi. Kuma ba ita ɗaya ba ce. In an kaɗa ta yadda anka kaɗa nonona, sai dai a yi wa Allah bayani.”

Baffa ya miƙe. Ya ɗauki buta ya fita.

Washegari da sassafe Sani ya zo buɗe rumfa, ya tarar da shi zaune a kan benci. Baffa ya nuna shokazoba ya ce, “Sauya su. Duka biyun. Sabbi, ba na hannu ba.” Sani ya ce sai da ya waiwaya ya ga ko da wani ake magana.

Aka ɗora Ingarma a kan ƙafarsa ta tsakiya, aka tokare tayar baya da katako. Sani ya sa sifana zai kwance noti na sama, tsatsa ta riƙe, ya ɗauko guduma. Baffa ya miƙe.

“Kul! Ka taɓa ganin an yi wa dattijo aski da guduma? Sa mashi mai, ka jira.”

Aka ɗiga baƙin mai, aka jira. Gefe ɗaya aka fara cirewa aka sa sabuwa, kana ɗaya gefen, kada babur ya zauna a kan tayarsa. Duk notin da ya fito, Baffa ya cire hularsa ya tara a ciki, har da ruɓaɓɓiyar robar da ta rage a ramin ƙusa. Da aka zo saita taurin sifirin, Sani ya ce dole ya san nauyin abin da za a ɗauka.

“Wa za a ɗauko, Baffa?”

“Albasa.”

“Buhu nawa?”

Baffa ya kalli titi. “Ɗaya. Da ɗan ƙari.”

Sani ya ce a nan ya gane, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗauri. Amma Baffa bai yarda da aikin ba sai da ya gwada. Ya koma gida ya amshi gorar Inna cike da kindirmo, ya ɗaure a kujerar baya, ya bi hanyar nan mai ramuka har Gwandu ya dawo. Ya buɗe a gaban Inna, nono yana nan yadda yake. Ya ce, “Kin gani, yanzu sai ki kaɗa da hannunki.”

Ranar da ya zo ɗaukata bai dube ni ba. Ya gaisa da surukaina, ya ninke bargonsa ya shimfiɗa a kujera, ya ce da iska, “A hau.” Ya ƙi yarda in shiga mota ko zuwa Gwandu, wai bai san direban ba. Tafiyar da yakan yi kafin hantsi, ranar sai bayan la'asar. Wajen Kambaza wani mai jaki ya wuce mu, ya waiwayo ya ce, “Malam, ko mai ya ƙare?” Baffa ya ce, “Wuce, kai ke da gaggawa.”

Duk ramin da muka zo sai ya sauke ƙafafu biyu ya ce, “Ingarma, a hankali, amana ce.” Can ya tsaya a inuwar wata tsamiya ya ce, “Ingarma, tambayi na baya ko ana son ruwa.”

Na rufe fuska da mayafi na ce, “Ingarma, ka ce an gode, ana so.”

Ya miƙo gora ta bayansa, bai juyo ba. Da na sha sai ya ce, “Ingarma, ba a ji ciwo ba dai?” Na ce ba a ji ba.

Bayan kwana ashirin na haifi Aminu lafiya lau. Ga shi nan yanzu ya fi ni tsawo. Tsofaffin shokazoba kuwa, kada ku ce an yar. Ɗaya ya kafa ta turken akuya, ɗaya ya tokare ƙofar rumbu da ita. Inna ta ce, “Malam, su ma?” Ya ce, “Da saura.”

Jiya na shiga gidan na ga wata akuya ɗaure a turken nan, Ingarma yana jingine an rufe shi da bargon nan, ba wanda ya gaishe shi. Na shafa tankin na ce, “An tashi lafiya?” Sai hawaye.

Allah, bawanka bai taɓa kiran sunana ba, amma ya kai ni gida ba tare da rami ɗaya ya taɓa ni ba. Ka kai shi haka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka tausasa masa makwanci, ka gafarta masa. Amin.