Yadda Inna Ta Riƙa Kashe Maganin Baba

Ko zan manta komai na zamanmu a Anka, ba zan manta shekarar da Baba ya daina jan salla ba. Tun ina yaro shi ke limancin masallacin unguwarmu, sai ciwon ciki ya sa shi gaba: kumburi, murɗa, yau gudawa gobe cushewa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne iska, domin alwalarsa ba ta kai shi sallama. Dattijo mai kunya, bai gaya wa kowa dalili ba, ya dai tura na'ibi gaba ya koma sahun baya. Raina ya ɓaci ƙwarai da na gan shi a can.

Da yake ya taɓa noma wajen Sunke, ƙauyen da haƙar zinariya ya gurɓata, mun ɗauka gubar dalma ce. Aka gwada jini, likita ya ce ba ita ba ce, ciwon hanji ne da ba ya kisa amma yana hana sakewa. Ya rubuta wani kafso, ya ce wasu ƙananan halittu ne masu rai a ciki, irin waɗanda ke mai da madara kindirmo. Bai yi mana alkawari ba, ya ce wasu na samun sauƙi, wasu ba sa samu. Na kawo wa Inna, na maimaita mata bayanin, na koma wurin aikina a Gummi.

Da na dawo, ba abin da ya sauya. Da safe na tarar da Inna a madafa tana ɓare kafson cikin kunu, yana tafasa a kan wuta. Na san haka muke shan garin magani tun kakanni, amma na tambaye ta dalili.

"Kai da bakinka kac ce masu rai na," in ji ta. "Mutum cikinai na kuka, in ƙara mai abu mai rai? Kashe su nika yi da zahi, sannan shi sha."

Dariya ta zo mini, ta kuma tsaya. Baiwar Allah, kullum tana tsare mijinta ne daga maganinsa. Na nuna mata ƙwaryar nono, na ce ai irin nonon da 'yan rugga ke bari a gindinta shi ma rai ne, kuma ta girma tana sha. Sai ta ce to a ba shi da nono mai sanyi.

Baba bai warke sarai ba, har yau akwai ranakun da ciki ke tashi. Amma kumburin ya ragu, har wata magariba na ji muryarsa daga masallaci ta ɗauki Fatiha. Inna na kan tabarmar salla, ta kasa tashi don kuka.

Tun daga nan na gane kai magani gida bai isa ba, sai ka zauna ka ji yadda mai ba da shi ya fahimce shi.