Ni Ne Mai Shayin da Ke Zaune Gefen Sabon Ɗan Karta

Kafin in san karta, ni baduku ne ɗan baduku. Gidanmu a Birni yake, cikin tsohon garin Damagaram, kakanninmu daga Barno suka zo da sana'ar fata a hannunsu. Mahaifinmu yana da rumfa inda muke ɗinka jakunkuna da takalma da kube, ni da ƙanena Sanusi muna zaune dama da hagunsa. Duk wanda ya ga tafin hannunmu ya san aikinmu, don jan rini ba ya fita ko da toka ka wanke. Ni na tsani wannan jan, Sanusi kuwa alfahari yake yi da shi. Da Baba ya rasu rumfar ta dawo hannunmu mu biyu, amma gaskiya Sanusi ne ya riƙe ta, ni sai dai in leƙo in wuce.

Na san abin da ya sa da yawanku kuka tsaya karanta wannan. Kun ji an ce tsohon ɗan poka zai yi magana, kun gyara zama ku ji yadda sabon shiga zai fara ba tare da an cinye shi ba. To za ku ji, don babu wanda ya fi ni sanin wannan karatun a duk unguwar Zango. Sai dai ba za ku ji daɗinsa ba, ni ma ba don ku so ni na rubuta ba.

Akwai wata fada a Zango da nake zuwa bayan la'asar, samari ne ke taruwa a ƙarƙashin rumfar kwano ana shan shayi ana hira. A can na haɗu da Mutari, wani direba da ke ɗauko motoci daga Kwatano. Shi ya zo mana da poka. Wasan ba shi da wuyar ganewa: a ba kowa karta biyu ya ɓoye, a jera biyar a tsakiya, kowa ya haɗa da nasa. In ka yarda da abin da ke hannunka ka zuba kuɗi, in ka ji ƙarfi ka ƙara, in ka tsorata ka yar da kartarka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba. Da tsinken ashana muka fara, ana dariya. Daga ashana aka koma canjin shayi. Daga nan na fara sa hannu a cinikin rumfa, ina gaya wa Sanusi wai mai jaka bai biya ba tukuna.

An cinye ni sosai, ba sau ɗaya ba. Wata rana bayan an watse Mutari ya riƙe ni ya ce, “Kai ba ka iya wasa ba, kuma ba za ka taɓa iyawa ba. Amma kana da baki, mutane suna yarda da kai. Bar zuba kuɗi, zo ka zama malam.”

Haka na zama mai koya wa sababbi. In aka kawo sabon mutum, ɗan kabu-kabu da ya tara ciniki, ko ma'aikacin da ya ɗauki albashi, ko ɗan mai shago, ni ake miƙa wa shi. Sai in zaunar da shi gefe in ce, “Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa. Fara da kaɗan. Kada ka shiga kowane zagaye, sai kana da manyan karta. Kada ka yi burga kana sabo. Ran da ranka ya ɓaci, tashi ka tafi gida.” Ku duba da kyau, ko ɗaya a ciki babu ƙarya. Irinsu ne ake karanta muku yau a cikin waya kuna gyaɗa kai kamar kun samu ilimi. Gaskiyar ce ƙugiyar. Wanda ya ce maka ka fara da kaɗan, ai sai ka ɗauka mai ƙaunarka ne.

Kwanakin farko muna barin sabo ya ci. Ya tafi gida yana jin kansa gwani. Ni kuma kullum ina gefensa, kuma ya saba karkato mini kartarsa in gani, don ni ne malaminsa. Ran da aka fara zuba manyan kuɗi sai in ce, “Yau ka girma, ni ba zan ce komai ba, shayi kawai zan dafa muku.” Sai in jawo murhun gawayi in zauna dab da kafaɗarsa. Shi kuma hannunsa ya riga ya saba, ko bai yi niyya ba sai ya karkato kartar. Kun san yadda mai shayi ke ɗaga buta sama yana tsiyayawa don kumfa ta tashi. In na ɗaga butar sama da kaina, Mutari da yaransa sun san sabon yana da ƙarfi, sai su yar da nasu. In na tsiyaya daga ƙasa, dab da bakin kofi, sun san babu komai a hannunsa, sai su taso masa har ya zube. Wa zai zargi mai shayi? Bayan an wanke mutum tas, ni ne kuma mai dafa kafaɗarsa ina cewa sa'a ce ba ta zo ba yau, gobe ma rana ce.

Abu ɗaya na gindaya wa Mutari tun farko. Na ce masa, “Ƙanena ba ya cikin wannan. Ko na mutu kada ka zaunar da shi.” Ya yi dariya ya ce, “Dakor, patoro,” wato na yarda, maigida. A duk wannan ƙazantar Sanusi ne kaɗai abin da nake ji na tsare. Shi ke ciyar da Inna, mahaifiyarmu, shi ke buɗe rumfar Baba kowace safiya. Ina gaya wa kaina cewa muddin hannunsa na nan da jan rini, gidanmu bai lalace ba.

Wata la'asar ya zo fadar nemana, wai Inna na kira. Ya tarar ana tsakiyar wasa, sai ya tsaya a bayana yana kallo, har ya sunkuyo ya tambaye ni, “Yaya, shi wancan me ya sa ya yar da nasa?” Ban san lokacin da na miƙe na kwaɗa masa mari ba, a gaban kowa, shi da yake da gemunsa. Na ce ya ɓace mini da gani, kada in sake ganin ƙafarsa a nan. Ya dafe kunci ya dube ni, ya juya. Ban taɓa gaya masa dalili ba. Yaya zan gaya masa, alhali dalilin shi ne yayansa ɓarawo ne? Na ɗauka marin ya isa.

Wanda ya kawo ƙarshena wani manomi ne daga Zermu, sunansa Habu. Ya sayar da sansa na huɗa da waken da ya noma, ya shigo gari don ya sayi moto, wato babur, ya fara kabu-kabu. Kafin ya kai ga mai sayar da moto aka kawo mini shi. Na yi masa karatun nan nawa, na bar shi ya ci, ya fara kirana Malam. Ranar babban wasan sai ya zamana Habu mai taurin kai ne, ya ƙi zubewa da wuri, wasa ya yi tsawo. Kowa a ƙasar nan ya san shayi zagaye uku ne, na farko mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, sai a zubar da ganye. Ni kuwa kwaɗayi ya hana ni ajiye buta. Na yi na huɗu, na shiga na biyar, ina ɗaga ruwan da ya koma fari fat, babu mai miƙo kofi. Habu ya daina kallon kartarsa ya koma kallon hannuna. Ya bari aka sake rabawa, ya karkato mini, ya ga butar ta sauka ƙasa, ya ga su Mutari sun taso masa gaba ɗaya.

Ya ce, “Malam, wannan wane irin shayi ne da ba a sha, sai dai a yi ta ɗagawa ana saukewa?”

Ya kai hannu zai kwashe kuɗinsa. Mutari ya shuri murhun, garwashi ya watsu a fuskar Habu. Ihunsa ne ya tara unguwa. Kafin polis su iso Mutari da yaransa sun tsallake katanga, ni aka tarar tsaye da buta a hannu. Daga komisariya, ofishin 'yan sanda, sai gaban alƙali, daga nan sai gidan kaso. Habu ya rasa ido ɗaya, bai kuma sayi moto ba.

Ba zan ba ku labarin kaso don ku ji tausayina ba, na cancanci abin da na gani. Zafi, da kwanciya a gefe ɗaya don babu wurin juyi, da warin da ba ya barin hanci. Abin da ya riƙe ni shi ne kwanon abinci da Sanusi ke kawo mini. Duk zuwansa sai na saci kallon hannunsa. Da tafiya ta yi nisa na ga jan yana dusashewa. Na tambaye shi, ya ce kasuwa ce ta yi sanyi, fata ta yi tsada. Na yarda, don ina son in yarda. Daga baya ya daina zuwa, Inna ce ke jan ƙafa ta kawo kwanon da kanta, in na tambaye ta shi sai ta ce yana nan, ta kawar da kai.

Ran da aka sake ni na bi ta kasuwa kafin in isa gida. Rumfar Baba na nan, amma wani ne a ciki yana sayar da cajar waya. A gida Sanusi ya tare ni da fara'a, cikin shadda mai kyau, ya ce bari ya dafa mini shayin barka da dawowa. Tafin hannunsa fari sol. Ya ɗauki buta ya ɗaga ta sama da kansa, idonsa ba ya kan kofi, yana gefe. Baduku ba ya zuba shayi haka. Ni kaɗai na san inda ake koyon wannan.

Washegari da la'asar na tafi Zango. Fadar ta koma wani gida, an samu kujeru. Mutari ya yi ƙiba. A ɗaki ɗaya yaransa ne riƙe da wayoyi, su uku suna wasa a tebur guda na cikin waya, suna nuna wa juna kartarsu, suna cinye wani bawan Allah da ke can wani gari yana zaton da baƙi yake wasa. Ku masu cewa na waya ya fi tsabta don babu mai ganin hannunku, ku ji wannan ku ƙara. A tsakar gida kuwa ga Sanusi zaune gefen wani saurayi, murhu a gabansa, yana cewa, “Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa. Fara da kaɗan.” Ko muryar tawa ce.

Na ja shi waje. Na ce, “Sanusi, ka san abin da kake yi kuwa?”

Ya ce, “Na sani sarai, Yaya. Ka mare ni a gaban mutane don na yi tambaya ɗaya. Na ɗauka wani abin arziki kake ci kai kaɗai kana yi mini rowa. Da aka kulle ka Mutari ya zo ya ce zai nuna mini abin da ka hana ni. Sai da rumfar Baba ta tafi na gane. Sannan ya miƙo mini butarka.”

Na ce ya ajiye mu tafi gida, mu nemi fata ko ta bashi ce mu sake farawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Da ka buɗe baki ka gaya mini gaskiya ran nan, da ban zo nan ba. Ka yi zamaninka, bar ni in yi nawa.” Ya koma ciki, don kada ruwan ya ƙone.

Na shiga na tsaya a kan Mutari na tuna masa alkawarinmu. Bai ko ɗago daga wayarsa ba. Ya ce cikin izgili, “Ka ce ko ka mutu. Ai ba ka mutu ba.” Allah ya isa tsakanina da shi, kuma na san ni ma akwai masu faɗin haka a kaina. Na je har Zermu neman gafarar Habu, ya saurare ni da idonsa ɗaya har na gama, ya tashi ya shiga gida ya bar ni a nan. Ban ga laifinsa ba.

Yanzu ina ɗinki a rumfar wani, ana biyana a kan kowane takalmi. Hannuna ya sake yin ja. Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa, ina kuma roƙonsa ya karɓo mini ƙanena, don ni na yi magana har na gaji.

To ku masu son sanin yadda ake fara poka, ga amsarku. Babu farawa mai kyau. Tsinken ashana farawa ne, kyautar da waya ke ba ku ta gwaji farawa ce, kuma duk hanya ɗaya suke bi. Kada ku ji tsoron mai zare ido a wurin wasa, ku ji tsoron mai kirkin da ya zauna kusa da ku. In ƙafa ta kai ɗayanku wani gida a Zango, ya tarar da wani dogo mai ladabi, mai farin tafin hannu, ya ce zai koya masa kyauta, ya ce masa ya fara da kaɗan, to wannan ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk abin da zai faɗa daga bakina ya samo asali. Kada ka nuna masa kartarka, kada ka sha shayinsa. Tashi ka fita, ko takalmi ba ka gama sawa ba.