Tela a Tagar Magani

Yana tsaye a tagar karɓar magani ta asibiti, tef ɗin awo rataye a wuyansa, guntayen zare manne da rigarsa. Ko ba a faɗa ba, tela ne. Ya shanye gorar ruwa guda, amma sai lasar leɓe yake yi. Takardar da ke hannunsa tana ta karkarwa.

"'Yata," in ji shi ga mai ba da maganin, "in ina shan maganin nan, kaina da gidana lafiya lau. Ba na kwana uku ido biyu ina yanka yadin mutane, ba na wata guda a kwance. Amma yana sa hannuna rawa, zare ya ƙi shiga allura. Shi ya sa nake sha ranar hutu kawai. Laifi ne?"

"Baba, kada ka ƙara yin haka! Koma wurin likita yanzu, a gwada jininka, a daidaita maka maganin."

Yana duban ƙwayoyin, yana duban yatsunsa. Wataƙila matarsa ce ke sa masa zare a ɓoye kafin ya fita shago.

Har ya kai ƙofar likita, sai ga shi ya dawo.

"To me zan ce a gyara mini, kan ko hannun? Da duka biyun nake cin abinci."