Ƙamshin Ƙosai a Maƙoshin Amalanke

A shekarar da aka yi shelar cewa duk bawan da ya kai shekara sittin ya 'yantu, a nan ƙasar ƙetaren teku da aka kawo mu bauta, maƙerata tana ƙasan gari, kusa da gaɓar tekun da ake kira Agwa da Meninos. Ba na manta shekarar, domin dokar ta mai da tsofaffi da yawa yara a takardun iyayengijinsu. Akwai wani ɗan'uwanmu Bazazzagi da furfura ta gama cinye masa gemu, aka wayi gari an rubuta shekarunsa hamsin da biyar.

Ni Bakano ne, kuma na daɗe da fansar kaina. Shi kuwa Bazazzagi yana hannun wani Bature mai jigilar kaya, wanda yake da wani tsohon amalanken wuta mai tukunyar tururi da ke jan buhuna daga bakin ruwa zuwa saman gari. Amalanken ya tsufa, ya sha faci, tafe yake yana tari kamar mai asma. Aikin Bazazzagi shi ne zuba gawayi da shafa mai.

Kafin in faɗi abin da ya faru, sai na faɗi abin da ke tsakanina da shi, ko da yake ba ya yi mini daɗin faɗi. Shekara talatin kafin nan ɗaki guda muke kwana a unguwar Barokinya, muna bauta a gida ɗaya. A lokacin, tsoron rubutunmu bai bar zukatan Turawa ba, tun boren da bayi Musulmi suka taɓa yi musu. Na rubuta wata 'yar takarda da ajami, ranar da aka zo bincike na rasa inda zan sa ta, na cusa a ƙarƙashin tabarmar da ta fi kusa da hannuna. Tasa ce. Mutumin da ko alif bai iya ja ba, shi aka ɗaure a turke aka yi wa bulala. Ina tsaye ina kallo, ban ce uffan ba. Shi ma bai ambaci sunana ba. Maigida ya janye alkawarin da ya yi masa na barinsa ya fanshi kansa, ya sayar da shi. Ni nawa alkawarin aka cika mini.

Tun daga ranar bai taɓa tayar da zancen ba. Muna haɗuwa ran Juma'a a ɗakin da mu 'yan kaɗan da muka rage muke salla, ya ce mini, "Bakano, har yanzu kana cutar mutane da ruɓaɓɓen ƙarfe?" In ce, "Bazazzagi, har yanzu kana yi wa tukunya hidima?" Mu yi dariya. Da ya zage ni sau ɗaya da gaske, da na fi samun barci.

Wata Talata da hantsi, amalanken na gangarowa, matuƙi ya tura sandar da ke rufe ƙofar tururi, ta ƙi komawa. Mu maƙoshi muke ce wa wurin, domin ta nan amalanken yake shaƙar ƙarfinsa. Matuƙi ya yi tsalle ya dira, amalanke ya je ya rungumi katangar wani ɗakin ajiya. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Bayan azahar aka aiko in zo da kayan aiki.

Na tarar da Baturen yana kai da komo, Bazazzagi na tsugune a gindin ƙafar amalanke. Baturen ya ce mini da harshensu, "Tsoho, buɗe ka gaya mini laifin wane ne. In na mai shafa mai ne, jibi zai hau kwalekwale zuwa gonar rake ta ƙanena, can ƙetaren ruwa."

Mu duka mun san ma'anar wannan. Tsoho irinsa ba ya kai damina biyu a gonar rake. Ba mutuwar ce ke ba shi tsoro ba. A can babu Musulmi ko ɗaya. Ba mai yi masa wanka, ba mai yi masa salla, sai a ja shi a jefa rami da tsummansa.

Na yi bismilla, na kwance kusoshin murfin. Sandar tana shiga maƙoshin ne ta wani ɗan wuya da ake cushewa da zaren rama da mai, don kada tururi ya tsere. Na sa awartaki na ja, ta ƙi. Na ɗan ƙwanƙwasa da masaba, na murɗa, sannan ta fito da ƙyar, jikinta duk wani baƙin danƙo mai yauƙi. Ƙarfen da sauran ɗumi. Sai ƙamshi ya bugi hancina. Ƙosai.

Na dubi gwangwanin man da Baturen ke bayarwa, yana rataye a gefe, fari fat, ko yatsa ba a taɓa sa masa ba. Kitsen alade ne, shi ya fi araha. Na ce da Hausa, ban ɗago kai ba, kamar mai magana da ƙarfe, "Kai Bazazzagi, suya kake yi a nan?"

Ya ce, "Ragowar manjan Bayarabiyar nan ce mai ƙosai a Barokinya. Kyauta take ba ni."

"Da ƙanzon waken duka?"

"Ina tacewa da tsumma. To ya kake so in yi? In dama hannu cikin wancan abin safe da yamma, sannan in ɗaga shi in yi kabbara?"

Baturen ya daka tsawa, ya ce mu bar yaren dabbobi, a gaya masa abin da aka gani.

Sandar nan ni na ƙera ta bara, da ta asali ta karye. Miƙaƙƙiya ce kamar kibiya, ban taɓa yin aikin da ya fi ta kyau ba. Na goge ta da tsumma tun kafin ya matso, na ɗaga ta sama, na kanne ido ɗaya kamar mai auna karkata. Na ce, "Ranka ya daɗe, sandar ce. Ban dafa ƙarfen sosai ba, zafi ya lanƙwasa ta. Laifina ne."

Allah Ya gafarta mini wannan ƙarya. Abin da Baturen ya kira ni da shi ba zan sa a takarda ba. Ya ce kafin magariba duk bakin ruwa za a san irin maƙerin da nake, kuma ya cika maganarsa. Tun daga ranar ban sake samun aikin jirgi ko na amalanke ba, sai gyaran ƙugiya da facin tukwane.

Na yi ta goga sandar da magagari a gabansa, ina gyaran abin da bai lalace ba. Na ƙwaƙule tsohuwar ramar, na ƙanƙare danƙon. Saura cusa sabuwa. Baturen ya sauko da gwangwanin da kansa ya dire a gabana. Shekara hamsin ina ƙasar nan ban taɓa abin nan da hannuna ba, ko a lokacin da yunwa ta kusa kashe ni. Na tsoma hannun dama har wuyan hannu, na murje ramar, na naɗa, na ɗaure kusoshi. Aka hura wuta. Sandar ta riƙa shiga da fita lumui.

Da Baturen ya tafi, la'asar ta yi. Bazazzagi ya ɗebo ruwa a tulu, na tsuguna bayan katangar da ta rushe, yana zuba mini ina cuɗawa da toka. Na ce masa daga yau ni zan riƙa kawo masa kitsen sa daga mahauta, ya juye a gwangwanin a madadin na aladen. Ya ci gaba da zuba ruwan. Can ya ce, "Malam." Bai taɓa kira na haka ba.

"Na'am."

"Me ka rubuta a takardar nan?"

Shekara talatin yana ɗauke da tabonta a gadon baya, bai san abin da ke ciki ba. Na ce, "Ba aya ba ce, ba addu'a ba. Sunayen garuruwan da aka bi da ni ne daga Kano zuwa bakin teku. Tsoro nake kada in manta hanya."

Ya tsayar da zuba ruwan. "Zariya na ciki?"

"Tana ciki."

Ya juye mini sauran ruwan. Ya ce, "To shi ke nan. Ba na bin ka komai. Tashi ka ja mu salla, rana na tafiya."

Na ja mu. Amma ni na san yini ɗaya na bayar a madadin shekara talatin, ya karɓa ne don ba ni da abin da ya fi haka.