Mai Sikeli da Littafinsa Mai Baƙin Bango

Ranar da aka ƙaddamar da littafin wani Farfesan likitanci a jami'a, maƙwabcina Mai Sikeli ya sha kunyar da har yau nake tsokanarsa da ita. Ni na ɗinka masa rigar da ya sa, shi ya sa na bi shi in ga yadda za ta zauna a cikin manya. Muna can layin baya Farfesa ya ce, "Akwai mutum guda, in ba don shi ba da wannan aikin bai yiwu ba." Bai rufe baki ba mutumina ya miƙe tsaye, har da gyara hula. Ashe wani baƙo ake nufi, wanda ya zo daga wata ƙasa ya yi sati uku a gaban kwamfuta. Mai Sikeli ya koma zai zauna, kujerar kuwa irin mai naɗewar nan ce, ta riga ta naɗe. Sai ga shi a ƙasa, ƙafafu a sama, aljihun rigar ya yage. Na yi dariya har da hawaye. Shi kuwa ko murmushi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana yi wa masu bincike aiki, da takardar sakandare kawai. Likitoci ne suka fara ɗaukarsa. Ya ɗaure sikelin auna jarirai a bayan keke, ya bi gida-gida, ya auna yaro, ya tambayi uwar sau nawa ya yi zawo a watan nan. Daga nan sunan ya bi shi. Sai masu nazarin zaman jama'a suka are shi da tambayoyinsu shafi goma sha biyu, masu tarihi su ma suka rataya masa rikoda ya je wajen tsofaffi. Kare ya cije shi sau biyu. Wata mata ta watsa masa ruwan wanki don ya tambaye ta shekarunta. Su masu digirin suna cikin mota da gilashi a rufe, suna jira ya kawo musu takardu.

Dokar aikin ita ce ba a rubuta sunan kowa, sai lamba. Da alli yake rubuta lambar a ƙofar gida, ruwan sama kuma ya wanke. Shi ne ya sami wani littafi mai baƙin bango yana rubuta wa kansa: lamba kaza gidan wane ce, sun tashi sun koma unguwa kaza, yarinyar da aka auna ta yi aure a wuri kaza. Babu wanda ya sa shi. Har bayan an sallame shi bai daina ba. Nakan ce masa, "Malam, wannan sa-idon naka ko albashi ake ba ka ai ya isa haka."

Bayan faɗuwar nan 'yarsa ta aro masa littafin Farfesa. Kwana huɗu yana binsa da yatsa layi-layi a kan bencin ƙofar shagona. A shafin godiya ya tarar da kansa: "da wasu mataimaka da suka zaga gidaje." Matarsa, wadda nake ce wa Yaya, ta leƙo ta ce min, "Tela, ka sassauta masa da bakin nan naka, mutumin nan ko abinci ba ya ci." Na sassauta na kwana biyu.

Ana nan sai ga wata matashiyar likita, ɗalibar Farfesa, da waya a hannu. Jariran da Mai Sikeli ya auna, su ɗari takwas, sun zama manya, ana so a nemo su a ga ko waɗanda aka haifa ƙanana su ne hawan jini ke kamawa. Nauyin kowa yana cikin kwamfuta, amma lamba ce zalla, babu wanda ya san mai ita.

Ta ce, "Baba, littafin nan naka mai baƙin bango, hotonsa kawai zan ɗauka, minti goma."

"Abu ɗaya nake so, 'yata. In an rubuta, a sa sunana a gaba tare da naku."

Bayan sati biyu ta dawo tana ta murza zoben hannunta. Ta ce wallahi ta yi iya yinta, amma kwamiti ya ce ƙa'ida ba ta yarda ba, sai wanda ya yi nazari ya yi rubutu. Za dai a gode masa sosai.

Na dakatar da keken ɗinki na ce, "Haba Mai Sikeli, ba ta mana. Wannan karon ni zan riƙe maka kujerar."

Bai ko kalle ni ba. Ya shiga gida ya fito, ba da mai baƙin bango ba, da littafin Farfesa. Ya buɗe shafin godiya ya ɗora mata a cinya.

"Karanta nan, 'yata. Wa aka ce ya zaga gidajen?"

Ta karanta a hankali, "Wasu mataimaka."

"To, ki ce wa Farfesa ya je ya tambaye su. Shi da duk iliminsa ya kasa riƙe suna ɗaya, ni ɗan sakandare ne zan tuna ɗari takwas?"