Malamin da Ya Aske Gashin Bakinsa Saboda Hansatu

Shekara goma sha biyu ke nan a wannan wata da muka binne yayana, Malam Attahiru, a Yelwa. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana na kasa. Abin da ke raina ya fi kama da murna a kan baƙin ciki, kuma ina so masu karatu su taya ni, musamman 'yan'uwana malaman firamare.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Da aka tura shi koyarwa wani ƙauye a bakin tafki, can gaba da Wara, Inna ta ce in bi shi in zauna da shi da amaryarsa, Anti Rabi, in yi karatu a hannunsa. Haka na zama ƙanwarsa a gida, ɗalibarsa a aji huɗu. Ranar da bakina ya kuɓuce na kira shi Yaya a cikin aji, yara sun yi mini dariya har aka tashi.

Wanda bai taɓa koyarwa a bakin ruwa ba, da wuya ya gane irin ajin nan. Wasu a gida Gunganci suke yi, wasu Kambarci, ga 'yan Fulani daga ruga, ga mu Hausawa. Akwai ƙanana irina, akwai samari masu muryar manya waɗanda sukan ɓace in lokacin su, wato kamun kifi, ya kama, su bi iyayensu gungu, tsibirin da ke tsakiyar ruwa, su dawo bayan an yi nisa sun manta inda aka tsaya. Zangon farko Yaya ya koyar da mu yadda aka koya masa a kwaleji. Ya tsaya gaban allo ya karanta, mu amsa gaba ɗaya har kwano ya ɗauka. Kowa ya wuce ta gefen taga sai ya ce lallai sabon malamin nan yana aiki.

Wata safiya ya ce yau ɗaya bayan ɗaya za a karanta. A nan asiri ya tonu. 'Yan kaɗan ne suka iya, sauran bakin maƙwabci suke bi. Da muka koma gida ya tasa tuwo a gaba ya kasa ci, ya ce wa Anti Rabi, "Ashe duk watannin nan amo nake koyarwa."

Bai daɗe cikin damuwar ba, domin shi mutum ne mai zumuɗi. Ranar Litinin muka tarar ya jujjuya bencuna, ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce sunan kowane rukuni jirgi. Akwai jirgin masu koyon baƙaƙe, akwai na masu haɗa gaɓoɓi, akwai na masu karatu. Ba ya duba tsawo ko shekaru, abin da yaro ya iya yau shi yake dubawa, kuma da ka ƙware sai ka sauya jirgi. Samarin da suka dawo daga su yakan zauna da kowannensu ƙarƙashin mangwaro, ya gane inda ya tsaya kafin ya ba shi wuri. Ya san zama da ƙanana yana ci musu rai, don haka in an zo lissafi su yake ba jagoranci, tun da a ka suke raba kwandon kifi tsakanin mutane kafin mu mu gama jera tsakuwa. In ya kawo sabuwar kalma kuma sai ya tambaya, "Mi ake ce ma wanga da Gunganci? Da Kambarci fa?" Ya maimaita da karkataccen harshensa, aji ya fashe da dariya. Yaran da ban taɓa jin muryarsu ba suka fara ɗaga hannu don su gyara wa Malam.

Hedimasta bai ji daɗi ba da farko. Ya leƙo ya ce, "Malam Attahiru, wanga aji ne ko kasuwa?" Yaya ya ce, "Ranka shi daɗe, shigo ka zauna. In ka tashi ba ka ji karatu ba, gobe in maida bencuna yadda suke." Ya shigo ya zauna, ya tashi bai ce a mayar ba. Amma har suka rabu bai daina ƙorafin cewa ajinmu yana baya a manhaja ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Ni ma yanzu malama ce a Yelwa. A tarurrukan ƙara wa juna sani na 'yan shekarun nan ana koya mana raba yara bisa abin da suka iya, da fara musu karatu da harshen da suke ji. Duk lokacin da nake zaune a irin wannan taro sai in ga Yaya a raina a layin gaba, ya hana mai bayani sakat da tambayoyi. Na tabbata da murna zai karɓa. Abin da ya yi ta lalube shi kaɗai a ƙauye, ana masa kallon mai neman suna, yau ya zama abin da hukuma ke cewa a yi. Na kuma tabbata zai miƙe ya tambaya yadda malami ɗaya zai zagaya jirage a ajin da yara ke zaune har bakin ƙofa.

Amma in za a ba da labarin Yaya, dole a zo kan Hansatu. Ɗiyar wani masunci ce, Baba Magaji. Ta girme ni, ta maimaita aji, kullum tana can baya ba ta cewa uffan. Malaman da suka riga shi sun yanke cewa ba ta da kai. Yaya ya lura da wani abu. In yana fuskantar aji idonta na kan bakinsa ƙyam, da ya juya ga allo yana ci gaba da magana sai ta shiga waige-waige tana duban abin da wasu ke yi. Wata rana lokacin tara ya zagaya bayanta ya kira sunanta a hankali, shiru. Ya ɗaga murya, shiru. Sai da ya matso dab da kunnenta na hagu ta zabura. Daga baya mahaifiyarta ta gaya masa cewa tun wani zazzaɓi da ta yi tana ƙarama jinta ya ragu, su a gida sun saba yi mata magana da ƙarfi, ba wanda ya yi tunanin gaya wa makaranta.

Ya dawo da ita benci na gaba, ya zaunar da ni a hagunta. Ya sauya wurin tsayuwarsa yadda hasken taga zai riƙa sauka a fuskarsa. Ya kafa wa kansa doka cewa ba zai ƙara magana yana ba aji baya ba, ya kuma ba mu izinin buga benci duk lokacin da ya manta. Mun buga kuwa, har da lokutan da bai manta ba.

Yaya yana da gashin baki mai kauri da yake ji da shi, har ɗan mataji yake ajiye masa a aljihu. Wata safiya ya fito daga wanka ya aske shi tas. Anti Rabi ta dube shi ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Wa ya yi maka wagga ɓarna?" Ya shafa wurin ya ce, "Hansatu ba ta ganin leɓena da kyau." Har ya bar duniya bai sake tara shi ba.

Ana cikin haka, wata la'asar Baba Magaji ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Mutum ne mai sanyin hali, kuma ba da faɗa ya zo ba. Ina bayan zana ina jin su. Ya ce, "Malam, wagga ɗiya ta daɗe tana zuwa boko, ba ta san komi ba. Uwarta na bandar kifi ita ɗaya, hayaƙi ya gama mata ido. Zan cire ta ta kama mata, ko sana'a ta samu."

Yaya ya ce, "Baba, maganarka gaskiya ce. Amma da can ba ta jin abin da ake faɗi, yanzu ta fara ji. Ka ara mani ita zuwa ƙarshen zango. In ba ka ga komi ba, ni da kaina zan rako ta gida."

Baba Magaji ya ce, "To, zuwa ƙarshen zango."

Makonnin da suka biyo baya ban taɓa ganin Yaya cikin ɗoki irin nasu ba. Yana da al'ada ran Juma'a yara su ba da labari shi ya rubuta a allo da kalmominsu, ya zama abin karatun mako. Sai ya ce a ba da labarin da duk ƙauyen suka sani, na ranar da guguwa ta tare Baba Magaji tsakiyar ruwa da 'yan kasuwa cike da jirgi, inji ya mutu, ya kawo su gaɓa da filafilin tuƙi. Yara suka yi ta rige-rigen faɗa, wani da Gunganci, wani da Kambarci, ana mayarwa Hausa. Hansatu tana ganin sunan babanta a allo ta gyara zama. Daga ranar ita ke jan hannuna lokacin tara mu koma aji mu ƙara karanta shi.

A makon ƙarshe Yaya ya gayyaci iyaye. Suka cika bayan aji da tagogi, kowane jirgi ya nuna abin da ya iya. Da aka zo kan Hansatu ta miƙe ta karanta labarin guguwa daga farko har ƙarshe, da murya mai ƙarfi fiye da kima, tun da ba ta jin kanta sosai. Mata suka fara guɗa. Baba Magaji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kada ka ji haushi. Wanga labari kowa ya san shi. Ina jin haddacewa ta yi."

Yaya kuwa sai fuskarsa ta washe, kamar abin da yake jira ke nan. Ya goge allo ya ce, "Baba, zo ka raɗa mani duk abin da kake so a kunne. Ka juya baya kada ta ga bakinka." Dattijon ya matso ya yi raɗa, Yaya ya rubuta. Hansatu ta tsaya gaban allo tana motsa leɓe. Sannan ta karanta a hankali, gaɓa bayan gaɓa, "Jirgina yana yoyo, a nemo mani auduga da ƙusa." Ta juyo ta dubi mahaifinta ta ce, "Baba, ai tun jiya na gaya maka."

Ajin ya kece da dariya da tafi, har hedimasta. Baba Magaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana duban allon da bai san ko baƙi ɗaya a cikinsa ba, sannan ya riƙe hannun Yaya da hannu biyu ya ce, "Malam, a bar ta nan."

Ba kowa Yaya ya ci nasara a kansa ba. Wasu samarin kamun kifi ya janye su ba su dawo makaranta ba, kuma yakan ambace su da suna har bayan an mayar da shi Shanga, inda ya ƙare aikinsa kafin gajeriyar jinyar da ta zama ajalinsa. Yana da gajen haƙuri da abokan aikin da suka ce wa yaro daƙiƙi, abin da ya jawo masa saɓani da mutanen kirki ma.

Hansatu ta gama firamare, ta taɓa sakandare, ta yi aure a Wara. Yau tana cikin manyan masu bandar kifi a can, kayanta na zuwa har Kwantagora da Sakkwato. Ba ta ɗaga kira, duk mai son magana da ita rubuto mata yake yi a waya, ta amsa nan take. Ina ma Yaya ya ga wannan. Da sai ya karɓi wayar ya juya ta gaba da baya, kafin magariba ya ƙirƙiro hanyar koyar da baƙaƙe da ita. A watan jiya kuma babban ɗanta ya kai ta asibiti aka sa mata na'urar ƙara ji. Ta rubuto mini cewa ta sauka bakin tafki da safe ta ji ruwa yana bugun cikin jirgi, ta tsaya ta kasa tafiya. Ta ce in je kabarin Malam in yi masa addu'a a madadinta. Na je, kuma tun daga ranar nake jin kamar in tare duk malamin da na gani a hanya in ba shi labari.

In na auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa a ido. Ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba, makarantar ma an sake mata gini, malaman da ke can yanzu ba su san shi ba. Abin da ya bar mana ɗabi'a ce, ta ƙin yanke wa yaro hukunci kafin a gano abin da ya tare masa hanya, da jin daɗin binciken shi kansa. A ajina na bana akwai wani yaro, Nasiru, mai in'ina. In na tambaye shi sai ya sunkuyar da kai har a wuce shi, amma shekaranjiya na ji shi bayan aji yana rera karatun da muka yi, tiryan-tiryan ba ko tuntuɓe. Ban gama gane yadda zan yi da wannan ba tukuna. Ina dai da dabara biyu da zan gwada, kuma na ƙosa Litinin ta yi.

Allah Ya jiƙan Malam Attahiru, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana.