Ruwan da Kaka Ta Zubar

A gidanmu na Malanville, can bayan kasuwar albasa, murhun Kaka ba ya mutuwa da wuri. Shinkafar sayarwa take turarawa, mu kuwa da mun ci tuwo sai mu zagaye tukunyar, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa. Ita ke riƙonmu tun rasuwar mahaifiyarmu. Ni ce babba, ni ce kuma abin haushinta, domin a shekarar ne Baba ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, ta 'yan Katolika. Ya ce can malamai ba sa fashi, kuma ba mai hana ni sallata. Kaka ba ta yi gardama da ɗanta ba. Da tatsuniya ta rama.

"Ku matso, ga ta nan tahe," in ji ta. Wata yarinya ce ta je wanka gulbi, mutanen ruwa suka ja ta ƙasa. Ba su dake ta ba. Shimfiɗa suka yi mata, suka koya mata abubuwa, suka miƙo mata fura, ta sha. Ta dawo gida da ƙafafunta, amma ko uwarta ta kira ta ba ta waiwayowa. A nan Kaka kan nuna ni da muciya. "Ke ɗiyar lakwal, kin jiya? Abin da anka ba ki can, bar shi can. Kar shi shigo mini ƙwarya."

Da damina gulbi ya cika ya shigo unguwa, rijiyoyi suka ɓaci. Ƙanena Habu, wanda bai daɗe da yaye ba, ya kamu da amai da gudawa, Baba kuwa yana Madécali wurin fatauci. A wurin tsofaffinmu, yaro mai gudawa ba a ba shi ruwa, wai sai ciki ya bushe sannan ta tsaya. Mu kuma malamarmu, wata mai farin lulluɓi, ta sha sa mu haɗa tafasasshen ruwa da sukari da ɗan gishiri, ta ce a yi ta ɗura wa yaro kaɗan-kaɗan. Na haɗa, na kai bakinsa, har ya fara tsotsa. Kaka ta fizge kwanon ta watsar a tsakar gida.

"Ina son ruwa shi tsaya, ke kina ƙara mai? Wa ya haihi ubanki, ni ko su?"

Habu ya yi ta lasar leɓe har ya daina. Baba ya iso an riga an rufe shi.

Ba a jima ba ɗan maƙwabciyarmu ya kamu. Na zagaya ta bayan danga na haɗa masa, ya tashi. Uwarsa ta zo godiya a gaban Kaka, Kaka tana ta juya shinkafa, ba ta ɗago ba.

Na daɗe ina jin zafinta, ba zan ɓoye ba. Sai da na zama ma'aikaciyar jinya a Garou, ina ganin tsofaffi rungume da jikoki, na gane tsoron a raba ta da mu ne ya sa ta tsare ƙofa haka, kuma tsoron ne ya ci Habu.

Da ƙanwata Rabi ta isa shiga aji, Kaka ce ta kama hannunta har ƙofar makarantar. Ba ta shiga ba. Ta ce wa malamar, "Ga ta. Ku koya mata abin da kunka koya ma yayarta. Ɗan'uwansu Habu ya sha nawa sani, shina cikin ƙasa."